Laftof mai yawan sandarewa: yadda ake gano musabbabi kafin a kai ga goge Windows

Da zarar laftof ta fara sandarewa, shawarar da ake fara ba mai ita ita ce ya kai a yi mata formataj, wato a goge Windows a sake girka ta. Wani lokacin hakan na magani. Amma a nan Damagaram, inda yawancin kwamfutocin da ke hannun ɗalibai da ma'aikata na hannu ne, sun riga sun sha aiki a wata ƙasa kafin su iso, ba kasafai laifin ke zama na Windows ba. Zafi, ƙura, tsohon diski da cajar da ba ta asali ba su ne suka fi kawo wannan ciwo, kuma babu ɗaya daga cikinsu da goge Windows ke warkarwa. Za ka biya kuɗi, ka rasa fayilolinka, bayan kwana uku ta koma gidan jiya.

Ƙa'idar aikin guda ɗaya ce. Ka canza abu ɗaya, ka gwada, sannan ka wuce na gaba. Wanda ya share fanka, ya sauya RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita tana kunne), ya sabunta direbobi (ƙananan manhajojin da Windows ke sarrafa kayan cikin kwamfuta da su) duk a zama ɗaya, ko da ta warke bai san me ya warkar da ita ba. Sunayen wurare da za mu ambata na Windows ɗin Faransanci ne, tunda shi ya fi yawa a nan.

A daidai lokacin da ta tsaya cak

Kada ka yi saurin danne maɓallin kashewa. Minti biyun farko suna gaya maka abubuwa da yawa.

Fara da Verr Maj, maɓallin manyan baƙaƙe. Danna shi ka duba ƴar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa, kwamfutar na da rai, wani abu ne ya riƙe mata wuya. In fitilar ba ta motsa ba, kibiyar linzami ma ta kafe, to sandarewar ta kai har ƙasa, zargi ya fi karkata ga zafi, RAM ko direba.

Sai ka danna Windows, Ctrl, Maj (Shift) da B a tare. Wannan na sake tayar da direban hoto. Za ka ji ɗan ƙara, allon ya ƙifta. In komai ya dawo, ka san inda za ka nufa.

In bai yi ba, gwada Ctrl, Maj da Échap (Esc) don buɗe Gestionnaire des tâches, wurin da ke nuna ayyukan da kwamfutar ke yi. Ba shi lokaci, yana iya ɗaukar minti ɗaya kafin ya fito. Dubi ginshiƙai uku: Processeur, Mémoire da Disque. Wanda ya tsaya a 100% shi ne ya cushe hanya.

Ka kuma yi amfani da hannu da kunne. Sa tafin hannu a bakin ramin da iska ke fita. Kara kunne kusa da inda kake ɗora hannu wajen rubutu: ƙarar ƙas-ƙas mai maimaituwa alamar diski ce. Sai in duk wannan bai yi ba za ka danne maɓallin wuta na daƙiƙa 10. Kowane kashewar dole na iya lalata fayil ɗin da ake cikin rubutawa, shi ya sa ba a mayar da shi al'ada.

Da ta tashi, kafin komai, kwashe takardunka da hotunanka zuwa kile (USB) ko diski na waje. Ɗalibin Jami'ar André Salifou da ke rubuta kundin kammala karatu ya tura wa kansa kwafi ta imel a ranar. Bayan haka ka samu takarda ka riƙa rubuta lokacin da ta sandare, abin da kake yi, ko tana jone da caja, da kuma minti nawa da kunna ta. Kwamfutar da ke sandarewa bayan minti 20 ana kallon bidiyo da azahar ba ciwonsu ɗaya ba da wadda ke sandarewa duk lokacin da aka ɗaga ta daga tebur.

Abin da Windows ta riga ta rubuta

Danna Windows da R, rubuta `perfmon /rel`. Jadawalin kwanaki zai fito, jajayen alamomi na nuna ranakun da aka samu matsala. Nemi ranar da jan ya fara, ka duba me aka girka a ranar ko kwana ɗaya kafin ta.

Don ƙarin bayani rubuta `eventvwr.msc`, shiga Journaux Windows, sannan Système, ka duba mintunan da suka gabaci sandarewar. Kernel-Power mai lamba 41 na tsorata mutane a banza: abin da yake faɗa kawai shi ne an kashe kwamfutar ba bisa ƙa'ida ba, kuma kai ka kashe ta. Waɗanda ke da amfani su ne lamba 7, 51 ko 153 daga Disk, da 129 daga storahci, duka suna nuni ga diski ko mahaɗinsa. Lamba 4101 daga Display direban hoto ne. WHEA-Logger kuma ƙorafi ne daga kayan ƙarfen kansu.

Zafi da ƙura

Nan za mu daɗe, domin nan ne garinmu ya bambanta da inda aka ƙera waɗannan na'urori. Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa laftof ɗinsu ta yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A watan Afrilu da Mayu zafin Zinder na haura 40, ɗakin kwano da rana tsaka kuwa ya fi haka. Ga hunturu ya riga ya cika cikinta da ƙura tun daga Disamba. Shi ya sa kwamfutar da ta yi lafiya lau cikin sanyi take fara rigima da shigowar bazara.

Sauke HWMonitor ko Core Temp, duka kyauta ne. Bar shi a buɗe ka ci gaba da aikinka na kullum, kana duba mafi girman zafin da furosesa, wato guntun da ke yi wa kwamfuta lissafi, ta kai. Idan ba a aikin komai, digiri 45 zuwa 55 daidai ne, a bazara ma 60 ba abin tayar da hankali ba ne. Ana aiki mai nauyi, 80 zuwa 85 ana iya zama da shi. Iyakar yawancin furosesocin Intel na laftof tana tsakanin 100 da 105, kuma da ta doshi nan sai ta rage gudunta da kanta don kada ta ƙone. Wannan ragewar ce kake gani kamar sandarewa. In ba ta wadatar ba, kwamfutar ta mutu ɗif.

Akwai gwaji mai sauƙi da ba ya buƙatar sukundireba. Shiga Options d'alimentation, ka bi zuwa saitunan avancés, ƙarƙashin Gestion de l'alimentation du processeur ka mayar da État maximal daga 100% zuwa 99%. A kwamfutoci da yawa wannan kashi ɗayan na hana furosesa ƙarin gudun da ake kira Turbo, zafi ya sauka sosai. Ɗaga bayanta da ɗan katako, ka sa fanka ta hura mata. In sandarewar ta ragu, ka kama ɓarawon.

Gyaran gaske shi ne buɗewa:

1. Kashe ta gaba ɗaya, cire caja da batir. In batirin na ciki ne, shi za ka fara zare wa waya da zarar ka buɗe murfin ƙasa. Danne maɓallin wuta daƙiƙa 15 don ragowar wutar ta fita.
2. Ɗauki hoto da wayarka a kowane mataki. Jera sukurori a kan takarda yadda suke a jikin kwamfutar, domin tsawonsu ba ɗaya ba ne, dogo a ramin gajere na iya huda allon ciki.
3. Ciro fankar. Tsakaninta da siraran ƙarafan da iska ke bi ta fita za ka tarar da ƙura ta dunƙule ta yi kauri kamar bargo. Daga waje ba a ganinta. Ɗebe ta da hannu, ka share sauran da busasshen buroshin haƙori.
4. Juya fankar da yatsa. In tana cijewa, ko tana girgiza, ko tana gurnani idan an kunna, sauya ta. Lambar samfurinta na manne a bayanta.
5. In kwamfutar ta haura shekara uku ba a taɓa buɗe ta ba, kwance bututun jan ƙarfen da ke kan furosesa, kana bin lambobin da aka rubuta kusa da sukurorin. Man da ke tsakani, wanda masu sayarwa suka sani da pâte thermique, za ka same shi ya bushe yana farfashewa. Goge shi da alkol mai ƙarfin 90% ko fiye, ka bari ya bushe, ka ɗiga sabo kamar ƙwayar shinkafa a tsakiya. Kada ka cika. Ɗaure sukurorin kaɗan-kaɗan bisa jerin lambobin don ya bazu daidai.

Wasu kan kai laftof wurin mai faci a hura mata iska. Ba mu ba da wannan shawarar ba. Iskar kwamfuresa na zuwa da danshi, tana tura ƙurar ciki maimakon fitar da ita, kuma tana juya fankar fiye da ƙarfinta har ta lalace. In dole sai an hura, a riƙe fankar da tsinke kada ta juya. Man goge baki a madadin man furosesa kuwa, kada ma a fara.

Katifa, filo da dardumar ɗaki suna toshe ramukan shan iska na ƙasa. Faranti ko allon katako ya isa.

Diski

Sandarewar diski na da kamanninta: kibiyar linzami na motsi, amma duk abin da ka danna ba ya amsawa, tagogi su yi fari-fari, bayan rabin minti ko minti biyu komai ya saki lokaci ɗaya. A Gestionnaire des tâches za ka ga Disque a 100% alhali abin da ake karantawa bai kai megabait ɗaya a daƙiƙa ba.

Sauke CrystalDiskInfo. Shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuma ya kusa tafiya. Kada ka tsaya a launi kawai, duba layuka uku: 05, C5 da C6. Na farko na ƙirga wuraren da suka lalace aka maye gurbinsu, sauran biyun wuraren da diskin ke kasa karantawa. A diski mai lafiya duka sifili ne. In lambar na ƙaruwa daga mako zuwa mako, ba gyara, sai sauyi. Duba har da awannin da ya yi yana aiki, za ka san gaskiyar shekarun kwamfutar da aka ce maka “kusan sabuwa ce”.

A nan mutane ke yin kuskure mai tsada. Idan diski ya nuna rawaya, kada ka sa masa `chkdsk /r` kafin ka kwashe kayanka. Wannan umarni na tilasta masa karanta kowane lungu na tsawon awanni, diskin da ke gargara na iya ƙarasawa a tsakiyar aikin. Kwashe tukuna, mafi muhimmanci da farko.

Ko diskin na da lafiya, in irin mai juyawa ne sau 5400 a minti, Windows 10 da 11 sun yi masa nauyi. SSD, wato diskin da ba ya juyawa, irin na SATA na karanta kusan megabait 500 a daƙiƙa, mai juyawa kuwa wajen 100, kuma a ƙananan fayiloli ratar ta fi haka nesa ba kusa ba. Ga tsohuwar HP ko Dell, babu kuɗin da ya fi amfani kamar na SSD mai 256 GB. Ba ya tsoron girgiza, abin da ke da muhimmanci ga mai goya kwamfuta a kan babur kullum. Sai dai a kula da marasa suna da ake zubarwa da araha, wasunsu girman da aka rubuta ƙarya ne. Manhajar H2testw na cika diskin ta karanta, ta faɗi ainihin abin da yake ɗauka. Kuma kowane iri ne, bar masa sarari kamar kashi 15 cikin ɗari.

RAM

Matsala biyu ce daban. Ta farko ƙaranci: 4 GB da Chrome mai shafuka goma da Word a buɗe, Mémoire zai haura 90%, Windows ta koma aro daga diski, komai ya tsaya. Magani a kai ta 8 GB. Kafin ka saya ka duba irin wadda ke ciki da CPU-Z. DDR3 na aiki da 1.5V, DDR3L da 1.35V, kuma kwamfutoci da yawa masu Intel ƙarni na huɗu da na biyar DDR3L kaɗai suke karɓa, alhali a ido iri ɗaya ne. DDR4 ba ta shiga ramin DDR3 ko kaɗan.

Ta biyu lalacewa, ko rashin zama daidai. Alamarta sandarewa ba tsari, wani lokacin da shuɗin allo, wani lokacin da an taɓa kwamfutar. Buɗe ƴan ƙarafan gefe biyu, RAM ɗin zai ɗago da kansa. Goge haƙoransa masu ruwan zinariya da gomar fensir a hankali, share ɓurɓushin, ka mayar a karkace ka danna har ka ji ƙas. Sannan gwaji: `mdsched.exe` na Windows na kama manyan kurakurai, amma MemTest86 da ake tayarwa daga kile ya fi shi tsanani. Bar shi ya yi zagaye 4, zai ɗauki awanni, don haka a fara lokacin da ake sa ran wuta za ta zauna. Kuskure ko ɗaya ne ya isa hukunci. In RAM biyu ne, gwada kowanne shi kaɗai, a kowane rami, don ka bambance ko RAM ɗin ne ko ramin.

Caja, batir da wutar gari

Yi aiki awa ɗaya da batir kaɗai, sannan awa ɗaya da caja. In sai an jona take rikicewa, ko kibiya ta riƙa tsalle da kanta, cajar ce.

Juya kwamfutar ka karanta abin da take buƙata, ka gwama da na jikin cajar. Volt dole ya zo daidai: HP da Dell yawanci 19.5V, Lenovo 20V. Ampere kuwa ya kai ko ya fi. Ninka biyun ka samu watt: 19.5 sau 3.33 ya ba da 65, 19.5 sau 2.31 ya ba da 45. Cajar 45 a kwamfutar da ke son 65 ko 90 za ta kunna ta, amma da aiki ya yi nauyi sai ta gaza. Dell na da wata siririyar allura a tsakiyar kan cajar da take gane ta da ita. In allurar ta karye ko cajar jabu ce, kwamfutar na iya ƙin cajin batir ta kuma danne gudun furosesa, ka ga 0.79 GHz ko ƙasa da haka a shafin Performances na Gestionnaire des tâches. Danna F2 wajen kunnawa ka shiga BIOS, shafin saitunan da ke fitowa kafin Windows ta tashi, zai nuna ko ya gane cajar. Jabu galibi ba ta da nauyi a hannu, kuma tana zafin da ba a iya riƙe ta.

Idan wutar NIGELEC ta ɗauke, zare cajar, in ta dawo ka ba ta ƴan mintuna kafin ka mayar. Ƙaramin janareta da inbata mai arha ta sola ba sa ba da wuta mai tsafta, caja mai kyau na jurewa, jabu ba ta iyawa.

Umarnin `powercfg /batteryreport`, da ake rubutawa a Invite de commandes (baƙar tagar rubuta umarni), na nuna ƙarfin batir na asali da wanda ya rage. In wurin linzami ya kumbura ko murfin ƙasa ya fara buɗewa, batirin ne ya kumbura. A cire shi a ranar, kada a huda, kada a matse.

Sai yanzu manhaja

Riƙe Maj ka danna Redémarrer, ka bi Dépannage, Options avancées, Paramètres, Redémarrer, sannan F4. Wannan shi ne Mode sans échec, inda Windows ke tashi da abin da ya zama dole kawai. In ta yi awanni a nan ba ta sandare ba, zargi ya koma kan direba ko wata manhaja, ko da yake a tuna cewa a wannan yanayin ba ta ɗaukar zafi sosai.

Koma yadda aka saba, danna Windows da R ka buɗe `msconfig`, a shafin Services ka fara zaɓar Masquer tous les services Microsoft, sannan Désactiver tout. Kashe na shafin Démarrage su ma. In ta warke, riƙa mayar da rabi-rabi har mai laifin ya fito.

Direban hoto da na Wi-Fi su suka fi kawo rigima. In ciwon ya fara bayan sabuntawa, shiga Gestionnaire de périphériques ka mayar da tsohon direban. In sabo kake so, ɗauko daga shafin HP, Dell ko Lenovo da lambar samfurin kwamfutarka, ka rabu da manhajojin da ke alƙawarin sabunta direbobi duka da dannawa ɗaya.

Riga-kafin bairos biyu a kwamfuta ɗaya faɗa suke yi da juna. Bar ɗaya, kuma Microsoft Defender da ke zuwa da Windows ya wadatar in ana sabunta shi. Kilen da ya zaga shagunan buga takardu ya dawo fayilolinsa sun koma raccourci, ɗauke yake da bairos, a bincike shi kafin a buɗe. Manhajojin da aka fasa su ma sukan zo da ɓoyayyen abin da ke cinye furosesa.

Daga nan buɗe Invite de commandes a matsayin administrateur, ka sa `DISM /Online /Cleanup-Image /RestoreHealth`, wanda ke buƙatar intanet, in ya gama ka sa `sfc /scannow`. Kashe démarrage rapide a Options d'alimentation, domin da shi a kunne, kashewa ba ta wanke ƙwaƙwalwar Windows gaba ɗaya. Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na kowa da kowa ranar 14 ga Oktoba 2025, amma wannan ba dalili ba ne na cusa Windows 11 a kwamfutar da ba ta cika sharuɗɗa ba, musamman mai 4 GB da diski mai juyawa.

Gwajin da ke raba gardama

Sa Linux Mint ko Ubuntu a kile mai 8 GB da manhajar Rufus, ka tayar da kwamfutar daga kilen ba tare da ka girka ba: F9 a HP, F12 a Dell da Lenovo. Yi aiki da ita awa biyu ko uku, ka kunna bidiyo, ka buɗe shafuka da yawa. In ta yi lafiya, kuma CrystalDiskInfo ya wanke diskin, yanzu ne formataj ya halatta, da Windows mai tsafta daga shafin Microsoft. In ta sandare a nan ma, Windows ba ta da hannu. HP da Dell na da nasu gwajin kayan ciki: Échap sannan F2 a HP, F12 sannan Diagnostics a Dell. Rubuta lambar kuskuren da ya bayar.

Idan zafi ya sauka, RAM ta ci gwaji, diski sabo ne, caja ta asali ce, amma har yanzu tana sandarewa, musamman in an danna gefen madannai ko an motsa murfi, ko layuka masu launi na fitowa a allo, matsalar ta koma babban allon ciki. Wannan aikin mai gyara ne. Je masa da takardar da ka rubuta da sakamakon gwaje-gwajen, ka ɗauki hoton RAM da diskinka da lambobinsu kafin ka miƙa, ku kuma yi magana a kan cewa ba za a goge komai ba sai an kira ka. In aka ce za a gasa guntun hoto da iska mai zafi, ka sani sauƙin na ɗan lokaci ne, yakan dawo bayan makonni ko watanni. Tambayi kuɗin sauya babban allon cikin gaba ɗaya, ka gwama da farashin wata ta hannu irinta a kasuwa. In ya haura rabi, cire SSD da RAM ɗinka ka sa a wadda za ka saya, in irinsu ɗaya ne.